Kofin Ruwa a Kujerar Umma

Su huɗu ne a gidan: Baba, da Umma, da yarinyar da Baba yake kira Kwandasta saboda ba ta yarda kowa ya zauna a kujerar gaban motarsa sai ita, da kuma Auta wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Suna da gidansu na kansu a ƙarshen unguwa, inda gine-gine suke fara yin nisa da juna. Suna da tsohuwar a-kori-kura wadda Baba yake yi wa masu shaguna dakon kaya da ita. Abin da ba su da shi hanya ce, domin ruwan bana ya cinye ta. Tsakanin inda kwalta ta ƙare da ƙofar gidansu akwai kwazazzabon da ruwa ya yanka, da wani tudun dutse a tsakiyarsa. Duk lokacin da motar ta hau tudun nan sai cikinta ya gogu, a ji ƙarar ƙarfe har cikin haƙori, ta tsaya cak, sannan ta zabura gaba.

Da can abin dariya ne a wurinsu. Yanzu kuwa Umma tana asibiti, an yi mata aiki a ƙashin baya, kuma gobe za a sallame ta. Likita ya faɗa a gaban kowa cewa a kai ta gida a hankali, kada a girgiza ta.

Inna, yayar Umma, tana zaune a gefen gado lokacin da ya faɗa. Mace ce doguwa mai jiki, mai muryar da ba ta iya raɗa. Likita yana fita ta juyo wajen Baba.

"To, ka dai ji da kunnenka. Wannan hanyar taku ko akuya sai ta yi tunani kafin ta bi ta. Gidana za ta tafi, kwalta har bakin ƙofa. In ta warke ta dawo muku."

Kwandasta tana tsaye a bayan labule da kwanon abinci a hannu. Gidan Inna a wani gari yake, ita kuma tana da makaranta a nan. Ta san "in ta warke" ba zancen mako ba ne, zancen watanni ne. Ta leƙa fuskar Umma, ta ga ta rufe ido ba don barci ba.

"Yaya, ki ba ni zuwa gobe," in ji Baba.

"Hanya za ka gina kafin gobe?"

"Motar zan ɗaga."

Inna ta yi tsaki ta ce ita dai ta riga ta yi magana da mai tasi.

Daga asibiti gareji suka wuce kai tsaye. Makaniken ƙato ne mai tumbi, wanda in ya kwanta a ƙarƙashin mota sai ka rasa ta ina zai fito. Ya saurari Baba yana goge hannu da tsumma, ya zagaya motar, ya danna bayanta da tafin hannu ya sake.

"Akwai kayan ɗaga mota na kamfani," ya ce. "Saiti guda, da shok ɗinsa mai hana girgiza da komai. Za ta tashi sama, ta kuma yi laushi kamar katifa."

"Nawa?"

Makanike ya faɗa. Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Wato in sayar da motar in sayo mata ƙafa."

"To, akwai namu na talakawa. Zo ki gani, 'yar makaranta, na ga idonki yana tambaya."

Kwandasta ta tsugunna kusa da shi. Ya nuna mata wasu dogayen ƙarafa masu faɗi, an jera su ɗaya a kan ɗaya a bayan taya, an ɗaure su da noti.

"Wannan shi ne sifirin. A kansa bayan mota yake zaune. Ina da wasu a baya da na cire daga motar da ta yi hatsari. In na ƙara guda a dama, guda a hagu, na ɗan ɗaure na gaba, motar babanki za ta tsallake dutsen nan ba ta ko gaishe shi ba."

"To ai shi ke nan," in ji Baba.

"Ba shi ke nan ba, Direba. Abin da zai ɗaga ta shi ne zai taurara ta. Kai buhu kake ɗauka, buhu ba ya kuka. Wannan karon mutum za ka ɗauko."

Baba ya dubi ƙarafan. Daga baya ya ce a sa, a gani.

Aikin ya cinye rana. Kwandasta ta zauna a kan tsohuwar taya tana kallon yadda aka tallafe motar da jak, aka kwance notuna masu tsatsa da ƙyar, Baba yana riƙe da wannan yana miƙo wancan, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Sau biyu wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ga Inna ce, ya mayar aljihu. Da aka sauke motar daga kan jak, sai ga ta tsaye ƙerere, ta ɗaga baya kamar tana shirin gudu. Baba ya tura hannu tsakanin taya da bodi, ya ga wuri ya buɗe, fuskarsa ta ɗan saki.

Makanike ya shiga rumfarsa ya fito da kofin shayinsa na ƙarfe, ya ɗauraye, ya cika shi da ruwa har kusa da baki.

"Ni ba na gwada mota da baki," ya ce. "Direba yana riƙe da sitiyari, ba ya jin abin da fasinja yake ji. 'Yar makaranta, shiga ki zauna inda mamarki za ta zauna. Ki riƙe da hannu biyu, ki ɗora a kan cinya. In ruwa ya zube, motar ba ta isa ta ɗauki marar lafiya ba."

A bayan garejin akwai wata hanya mai ramuka. Baba ya shiga ta a hankali. Ramin farko ruwa ya yi tsalle. A na biyu bayan motar ya harba sama kamar jaki, ruwan ya fallatso mata a fuska, ya jiƙa rigar makarantarta. Ta dubi kofin, saura rabi. Ta ga jijiyar wuyan Baba ta tashi.

"A cire kawai," ya ce da suka dawo. "Gara ta gogu."

"In ta gogu ai ka san yadda take zabura. Kwantar da hankalinka." Makanike ya sake kwanciya a ƙasa, ya ɗan sassauta na gaba. Ya bi tayoyin ya rage musu iska kaɗan. Sannan ya sa aka jawo buhunan yashi biyu daga inda ake gini a maƙwabta. "Sifirin mai ƙarfi yana son kaya. In ka bar shi babu komai sai ya yi ta tsalle. Amma kada ka cika, in ka cika ta sake dawowa ƙasa, mun yi aikin banza. Kuma a nan za ka ajiye su, daidai saman tayoyin baya, ba can ƙarshe ba."

Aka sake cika kofi. Baba ya ce wannan karon ba hanyar bayan gareji zai bi ba, kwazazzabon kansa zai je kafin rana ta faɗi. Makanike ya ce to bari ya hau baya, akwai wata ƙara da yake ji a gefen hagu, yana so ya saurara da kyau.

Kwandasta ba ta ɗaga ido daga kan ruwan ba tun daga gareji. Da kwalta ta ƙare ta ji hancin motar ya sunkuya, ta san sun shiga kwazazzabon. Ta ƙanƙame kofin, ta ɗauke numfashi tana jiran ƙarar ƙarfen nan. Motar ta hau tudun, ta yi ɗan lilo, ta sauka. Babu ƙara. Ruwan ya yi rawa ya laso bakin kofi, ya koma.

"Baba, bai zube ba!"

"Ki duba dai."

"Wallahi bai zube ba, ka ga rigata!"

Baba ya tsayar da mota ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Daga baya Makanike ya bubbuga rufin yana cewa a juya a mayar da shi, bai rufe rumfa ba, kuma kofin ya bar wa 'yar makaranta kyauta.

Da safe suka bar Auta a wurin maƙwabciya. Baba ya share kujerar gaba, ya jera matasan kai guda uku, ya duba buhunan yashi ya ga suna inda aka ajiye su. A harabar asibiti suka tarar da tasi a tsaye, direbanta yana kwance a kujera ya ɗora ƙafa a taga. An riga an fito da Umma a keken marasa lafiya, tana ƙarƙashin rumfa, ta rame, wata ma'aikaciyar jinya tana riƙe da keken. Inna tana tsaye da jakar kayan Umma a kafaɗa.

"Ita ce wannan?" Inna ta dubi motar sama da ƙasa. "Da tsani za a hau ta?"

"Akwai ɗan benci a baya, Yaya. Ki tsaya ki gani da idonki, kada ki yarda da maganata."

Ya bayyana mata zancen kofi. A hanyar fita daga harabar akwai tudun siminti da aka yi don masu gudu su rage, ya ce shi zai hau, ya juyo ya sake hawa. Inna ta karɓi kofin ta cika shi da kanta daga gorar ruwanta, ta miƙa wa Kwandasta ta taga.

"In ya zube, babu sauran magana."

"Babu," in ji Baba.

Ya ja motar a hankali. Tayoyin gaba suka hau tudun suka sauka lafiya. Da na baya suka hau, sai motar ta harba. Ruwa ya yi tsalle ya zubo a hannun Kwandasta, ya gangara kan matashin da aka tanadar wa Umma.

Baba ya taka birki. Sannan ya fita, ya bi tayoyin yana dannawa da babban yatsa, ya leƙa ƙarƙashi, ya hau baya ya gyara zaman buhunan da ba su motsa ba. Ya ce a sake gwadawa. Aka sake, ruwan ya sake zuba.

"Jiya bai zube ba," ya ce, muryarsa ta dushe. "Ki tambaye ta, Yaya. Har kwazazzabon muka je."

"Ni jiya ban gani ba, yau na gani. Ƙanwata ba buhun siminti ba ce." Inna ta ɗaga hannu ta kira mai tasi. "Malam, matso da ita nan."

Kwandasta tana zaune da kofin da ya rage rabi. Ta hango mai tasi yana gyara kujera, ta hango Umma tana kallon ƙasa. Ta juya ta leƙa ta gilashin baya don kada a ga idonta. Buhu biyu suna kwance, da ɗan benci, da igiya. Jiya a hanyar komawa gareji da ta leƙa haka ba ta ga buhunan ba, wani faffaɗan baya mai baƙin mai ne ya tare gilashin gaba ɗaya.

Ta buɗe ƙofa ta diro, har kofin ya kusa suɓucewa.

"Baba! Makanike!"

"Ba ya ɗaukar waya, na kira."

"A'a, Baba, jiya yana baya! A kan buhunan ya zauna!"

Baba ya tsaya da waya a hannu, bakinsa a buɗe. Ya dubi bayan motar, ya dubi 'yarsa, ya dafe kai.

"Ƙaton nan," ya ce a hankali. "Mun lissafa yashi, ba mu lissafa shi ba."

Ya shiga waige-waige. Harabar asibiti a share take, babu yashi, babu bulo, babu dutsen da ya fi ƙarfin hannu. Gareji yana can wani gefen gari, mai tasi kuma ya riga ya buɗe ƙofar baya. Kwandasta ce ta fara kallon Inna. Baba ya bi idonta, ya yi saurin kawar da kai. Amma Inna ta gani.

"Me kuke kallona?"

Ma'aikaciyar jinya ta sa gefen mayafinta a baki.

"Ni? Ni ce buhun yashin? Ke 'yar nan, da shekaruna?"

"Inna, sau ɗaya kawai," in ji Kwandasta. "In ya zube sai ki tafi da ita."

A nan Umma ta yi magana, karo na farko tun da aka fito da ita, da ƙaramar murya.

"Yaya, kada ki ba ni dariya, ɗinkin yana ja. Ki hau mana. Ina so in kwana a ɗakina."

Inna ta daɗe tana kallon ƙanwarta. Ta sauke jakar daga kafaɗa ta miƙa wa ma'aikaciyar jinya, ta tattare zanenta, ta ce a ajiye mata bencin kuma duk wanda ya yi dariya zai gamu da ita. Da ta zauna a kan buhunan, bayan motar ya ɗan nutsa, ya tsaya daidai.

Aka cika kofi. Baba ya hau tudun, ya juyo ya sake hawa. Ruwan ya yi rawa kawai. Kwandasta ta miƙa kofin ta taga, sama, don Inna ta gani.

"Na gani," in ji Inna. "To, sai in sauka?"

"In kin sauka, Yaya, ta koma jaki," in ji Baba.

Inna ta gyara zama. Ta kira mai tasi ta sallame shi daga inda take zaune, tana cewa yau ta ga abin da ya ishe ta.

An daɗe ana shigar da Umma, ana gyara matasan kai, an juya wanda ya jiƙe. Kwandasta ta hau baya ta zauna kusa da Inna, fuskarta a jikin gilashi, inda take ganin bayan kan Umma da hannun Baba a kan giya. Suka bi cikin gari a hankali, masu babur suna yi musu oda suna wucewa. Inna ba ta yi shiru ba ko na ɗan lokaci. Ta yi faɗa da rana, ta yi faɗa da yashin da yake shiga takalminta, ta ce tun farko ta ce kada su sayi fili a bayan duniya, ta daka wa wani mai babbar mota tsawa ya matsa.

Da kwalta ta ƙare sai muryarta ta ɗauke.

Baba ya tsaya a bakin kwazazzabon, ya sauko ya leƙa ƙarƙashin motar, ya auna da tafin hannu. Ya ɗago ya dubi Inna.

"Yaya, kada ki motsa. Ko kin ji ta karkata, ki zauna a tsakiya."

Motar ta sunkuya ta fara gangara. Kwandasta ta ga Umma ta kama ƙarfen ƙofa. Tayoyin gaba suka taɓa tudun dutsen, inji ya yi gurnani, motar ta fara hawa kaɗan-kaɗan, ta karkata hagu. A lokacin ne ta ji an damƙi hannunta da ƙarfi har ya yi zafi. Ta juyo. Inna ta runtse ido, leɓɓanta suna motsi, gumi yana bin gefen fuskarta, ɗayan hannun ta kafa shi a jikin bodi, ta danne buhunan da duk nauyinta kamar ita ce take riƙe da motar. Cikin motar ya wuce saman dutsen. Babu ƙara. Tayoyin baya suka hau, suka yi lilo, suka sauka.

Umma ta ɗago hannu a hankali ta taɓa gilashin da yatsu, ba ta juyo ba.

A ƙofar gida maƙwabciya ta fito da Auta a kafaɗa. Baba ya zagaya ya buɗe wa Umma ƙofa yana tambayarta ko ta ji wani abu, tana cewa a'a, yana sake tambaya. Kwandasta ta ajiye benci don Inna ta sauka, amma Inna ba ta tashi ba.

"Inna, mun iso."

"Na sani. Bari ƙafata ta dawo." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ta ce ba ta ji ciwo ba? Je ki tambayo min ita da kyau, babanki ba zai faɗa min gaskiya ba."

Kwandasta ta dubi hannunta inda yatsun Inna suka bar shaida. Sai a lokacin ta gane cewa duk faɗan da Inna take yi tun jiya, tsoro ne take ji.